Garin Da Ya Kame Bakinsa Saboda Ni

Shafi na 23

Masu cewa na cika jan rai, na ji ku. Ke kuma da kika rubuto cewa in ban kawo ranar gudun ba yau za ki daina karantawa, gyara zama, ga ta. Masu zagin Malam Sawabe tun shafin baya, ku ɗan riƙe zagin a baki tukuna. Na gode muku gaba ɗaya.

*

Safiyar gudun ta zo da sanyi mai shiga ƙashi. Ina gindin dutse, wurin da zan karɓi tasuki, ƙyallen nan da muke ratayawa a kafaɗa mai ɗauke da sunan garinmu Tsugase, wanda kowane mai gudu ke miƙa wa na bayansa in ya gama zangonsa. Wannan ne karo na ƙarshe da sunan zai shiga gudun garuruwan lardi. Da ƙanƙara ta narke za a haɗe mu da birnin da ke gangare, shi ke nan, Tsugase ta zama unguwa.

Dokar kuwa kun san ta. In mai gudun da ke kan gaba ya wuce wurin miƙawa, aka jima naku bai iso ba, alƙali zai harba bindiga a sallami mai jiranku da farin ƙyallen aro. Naku kuma ya mutu a hanya. Shekara da shekaru haka ake yi mana, kuma kullum a bayan dutsen nan ne, zangon da aka ba ni bana.

Ni dai ban ɗauki abin da zafi ba. Malam Sawabe, tsohon da ke horar da mu, ya gaya min tun ranar da ya zo shagon awarar Gwaggo neman in dawo gudu.

"Cike gurbi kawai za ki yi, Nagisa. Garin da ake shirin shafewa, wa ya damu da ƙyallensa? In kin gaji ki taka a hankali."

Kuma na ga alama. Tun daga ranar ko mutum ɗaya bai ce min "ki dage" ba, a garin da ko cire haƙori za ka je sai maƙwabta sun ce maka ka dage.

Ƙafafuna suka fara sandarewa, sai na nufi motar Gwaggo Tomie, wadda muke kai awara da ita, in ɗauko bargo.

"Ke, ina za ki?"

"Bargo zan ɗauko."

"Tsaya in ɗauko miki."

"Gwaggo, yaushe kika fara yi min hidima?"

Matar da ke kukan gwiwa safe da yamma ta taso da gudu. Abin da ya sa na yi saurin buɗe bayan motar ke nan.

Bargon na nan. A ƙarƙashinsa akwai wani dogon yadi shuɗi a naɗe, da kwali cike da 'yan ƙananan tutoci. Na ja bakin yadin. Sunana ne, da manyan baƙaƙe, ɗinkin hannu.

Na saki yadin nan take, na ja da baya.

Waɗanda suka biyo ni tun farko sun san dalili. A shekarata ta ƙarshe a sakandare garin nan ya cika motoci ya bi ni babban gudu. Sunana a bangon ofishin gari, sunana a shagon aski, Baba kuma kullum asuba yana bina a keke da lasifika. Ranar, ina tsakiyar hanya, na ji sunana yana fitowa ta ko'ina, ƙafafuna suka ƙi ɗagawa. Na durƙusa na yi amai a gaban kowa. A mota Baba ya ce, "Kin san mutum nawa kika kunyata?" Na kwashe kayana na koma wurin yayarsa, Gwaggo. Tun daga nan in mun haɗu a hanya sai dai kowa ya sunkuyar da kai ya wuce.

"Gwaggo, mene ne wannan?"

"Labule ne."

"Labule mai sunana?"

"To, labulen ɗakinki."

"Gwaggo."

Ta zauna a bakin motar tana dafe gwiwa, sai yanzu ta tuna da ciwon.

"Ƙungiyar matan gari ce. Hannu ne ya ƙi zama, 'yar nan. Mun ce mu ɗinka kawai mu ji sanyi a ranmu, ba buɗewa za mu yi ba. Ai mun yi alkawari."

"Wane alkawari?"

Ta hau gyara zaman kwalin tutocin.

"Wa kuka yi wa alkawari?"

Kafin ta amsa sai ga Malam Sawabe ya fito daga tanti da waya a hannu, fuskarsa ba daɗi. Ya ga yadin, ya ga Gwaggo, ya ja dogon numfashi.

"Tomie, na ce ki bar shi a gida."

"Ai ban san za ta ji sanyi ba."

"A watan ƙanƙara?"

Na ɗaga yadin a gabansa.

"Malam, ka ce min ba wanda ya damu."

"Na ce."

"Ƙarya ce?"

"Ƙarya ce."

"Da furfurarka?"

"Da ita. Ita ta taimaka ma kika yarda."

Na so in jefa masa yadin a fuska. Tarbiyya ce kawai ta riƙe ni, ita ma da kyar.

Ya ce, "Bari in tambaye ki. Da na zo shago na ce miki a duk garin nan ke kaɗai ce za ki iya ƙetare dutsen nan kafin bindiga, za ki zo?"

"Ba zan zo ba."

"To."

"Agogon naka fa, da kullum kake cewa ya lalace?"

"Lafiyarsa ƙalau. Gudunki na yanzu ya fi na lokacin da kike 'yar makaranta, nesa ba kusa ba. Kullum in na duba sai in koma bayan mota in yi rawa ni kaɗai. Ban gaya miki ba ne don na san halinki. Ranar da kika ji, ranar za ki daina gudunki ki fara namu."

Na juya wurin Gwaggo.

"Wato duk garin sun sani."

"Har da yaran firamare."

Sai abubuwa suka fara dawo min. Gonda mai kifi da ya cusa tawul a baki ranar da na wuce shi a kan gada, na ɗauka haƙori ke masa ciwo har na aika masa da awara mai laushi. Matar mai aski da ke juya min baya tana shayar da fulawar roba. Hanyar gefen kogi da kullum nake tararwa an kwashe ƙanƙararta tun kafin gari ya waye, ina ta yabon ma'aikatan gari a raina.

"Dabarar Malam ce?"

Suka kalli juna.

Gwaggo ta ce, "Ta ubanki ce."

Na yi dariya, irin wadda ba ta da daɗi.

"Baba?"

"Shi. Ƙanena Shigeharu, mai taurin kan nan. Ranar da ya ji Malam zai neme ki, ya sa baƙar kwat ɗinsa ya bi gari gida-gida. Ya cire takalmi, ya durƙusa, ya kafa goshi a tabarma."

"Mutumin da ko a wurin makoki da kyar yake sunkuyawa?"

"Ni ma da aka ba ni labari ban yarda ba, sai da ya zo nawa gidan, kina can wajen kai awara. Ni yayarsa ya sa wa goshi a ƙasa."

"Me ya ce?"

Gwaggo ta goge hanci da bakin gyalenta.

"Ya ce, 'Ni na karya yarinyar nan da bakina, ku kuma kuka taya ni. Ina roƙonku abu ɗaya. In kun gan ta tana gudu, ku kalli wani wuri.'"

Na zauna a ƙasa, a kan kwalta mai sanyi. Ban san lokacin da na zauna ba.

"Ƙanƙarar gefen kogin ma shi ne," in ji ta. "Da shebur, kafin ya tafi aiki."

"Ki daina, Gwaggo."

"Na daina."

"Kun cuce ni. Da ban sani ba da na yi guduna lafiya na koma gida na ci abinci. Yanzu ga shi kun ɗora min garin gaba ɗaya, har da shirunsa."

Lasifikar wurin ta fara kiran garuruwan da ke gaba, masu gudunsu suna cire riguna. Malam ya kalli wayarsa, ya kalle ni, ya sosa ƙeya.

"Akwai saura."

"Haba Malam."

"Ba don yadi na fito ba. Udagawa mai kai wasiƙa, wanda za ki miƙa wa a bayan dutse, jijiyar ƙafarsa ta riƙe yana ɗumama jiki. Ko tsayuwa ba ya iyawa."

"To a sa wani."

"An sa. Zangon na maza ne 'yan sama da hamsin, kuma mutum ɗaya muka rubuta na ko-ta-kwana. Ba shi ya nema ba, ni na matsa masa, don a garin nan tsofaffin da ke iya gudu sun ƙare."

Bai faɗi sunan ba. Ba sai ya faɗa ba, na san Baba ne.

"A'a."

"Nagisa."

"Na ce a'a. Ba zan gangaro daga dutse in tarar da fuskar mutumin nan tana jira na ba. A nan ƙafata za ta mutu, ka sani, na sani."

"Shi ma ya sani. Shi ya sa ya kira." Ya ɗaga wayar. "Ya ce in tambaye ki, in kina so zai juya baya. Zai miƙo hannu ta baya ki sa masa, ba sai kin ga fuskarsa ba. Kuma ba zai yi magana ba."

Ban taɓa jin an karɓi tasuki ta baya ba. Mai jira fuskantarka yake yi, ya ɗaga hannu, ya kira ka da duk muryarsa. Don wannan kiran ne mutane ke rarrafawa su ƙarasa.

Malam ya durƙusa a gabana, gwiwoyinsa suna ƙara.

"In kuma kin ce ba za ki iya ba, zan je in gaya wa alƙalai Tsugase ta janye. Ba wanda zai ce miki komai. Wannan karon ba ƙarya nake ba."

"Da me zan gane?"

"Ba ki da abin ganewa. Sai dai ki yarda."

Gwaggo ta lulluɓa min bargon da ya jawo duk wannan. Bakinta na motsi, na ga kalmar tana so ta fito, ta haɗiye ta da ƙarfi har maƙoshinta ya motsa.

"Akwai romo a gida," ta ce. "Ko kin gudu ko ba ki gudu ba."

Lasifika ta kira Tsugase.

Ban ba Malam amsa ba. Na dai ga na miƙe, na yar da bargon, na taka zuwa layi. Kohei, wanda ke kawo min, ya ɓullo yana tangaɗi, kusan kowa ya riga shi wucewa. Ya saka min tasukin a hannu jiƙe da gumi.

"Yi haƙuri," ya ce. "Na makara."

Ko shi bai ce in dage ba.

Hawan dutsen ba kowa, sai itatuwa da numfashina. Da farko haushi ne ya ɗauke ni. Ina gudu ina zagin Malam, ina zagin Gwaggo da labulenta, ina zagin Gonda da tawul ɗinsa, har da awarar da na yi asara. Na wuce mutum ɗaya ban ko kalle shi ba. Na wuce wani.

Kusa da ƙololuwa haushin ya ƙare, tsohon ciwon ya zo ya zauna a wurinsa. Cinyoyina suka yi nauyi. Na fara jin muryar nan ta cikin mota. Na ce a raina to ga shi nan, mun dawo gidan jiya, kuma wannan karon da sunan garin za a binne ni.

Na karya kwana na fara gangara. A can ƙasa akwai ɗan ƙauyen da 'yan kallo ke taruwa, ganguna na tashi, kowane gari na kiran nasa. Na hango doguwar mota an ɓoye ta a bayan rumbun shinkafa, amma an manta hancinta a waje. Na san motar. Ta gidan tsofaffin garinmu ce.

Suna nan. Duka suna nan, jere a gefen hanya.

Gonda mai kifi ya durƙusa yana duba tayar wata mota da ba tasa ba. Matar mai aski na kallon sama, ba ko tsuntsu. Wasu dattawa sun kewaye injin sayar da shayi suna nazarinsa sai ka ce yau aka ƙirƙiro shi. 'Yan firamare an jera su, kowa ya toshe bakinsa da hannu biyu, idanu kamar za su faɗo.

Sai Kaka Kiyo, wadda ta girmi kowa a Tsugase. An tura keken guragun da take kai an juya ta tana fuskantar bangon wani gida. Amma a hannunta akwai ɗan madubin kwalliya, ta ɗaga shi a kaikaice, tana leƙena ta ciki.

Dariya ta ƙwace min a tsakiyar gudu. Daga dariyar kuka ya biyo.

Jama'a, mutanen nan suna son ƙyallen nan kamar ransu. Kaka Kiyo mijinta ya rataya shi, ɗanta ya rataya shi. Sun taso tun duhu, sun sha sanyi, sun zo ganin ranarsa ta ƙarshe, kuma suka zaɓi su kalli taya da bango don kada idonsu ya yi min nauyi. A da na ɗauka abin da zan kawo musu suke so. Ranar na ga da idona cewa ni suka fi so a kan ƙyallen. Ban san yadda ake gode wa gari guda ba. Har yau da nake rubuta muku wannan ban sani ba.

Ina wucewa na sunkuyar musu da kai. Ba wanda ya kamata ya gani, tunda ba kallona suke ba, amma na ji wani ya fashe da kuka a bayana, na kuma ji an ce masa, "Gonda, tawul."

Nauyin yana nan, ban ce ya tafi ba, amma yanzu daga baya yake tura ni.

Na saki ƙafa. Gangaren ya ƙare, hanya ta miƙe, kuma a nan na gane na kashe duk abin da nake da shi. Idona ya fara ganin duhu-duhu. Mutanenmu sun biyo ni ta gefen hanya da gudu, tsofaffi da yara, ba mai cewa uffan, sai ƙarar takalma.

Can gaba na hango wurin miƙawa.

An riga an jera waɗanda nasu ba su iso ba, kowa da farin ƙyallen aro a kafaɗa. Alƙali na gefe da bindiga a hannu, idonsa a kan agogo. Duk masu jiran suna fuskantar hanya suna tsalle suna kiran nasu.

Ban da mutum ɗaya.

Ya juya baya. Ƙeyarsa ta yi fari fat, ban san ta yi haka ba. Rigar gudun ta yi masa yawa. Ya miƙo hannun dama ta baya, tafin a buɗe. Malam bai kai masa amsa ba, sai ya zaɓi wadda yake ganin za ta fi min sauƙi.

Na cire tasukin daga kafaɗa na naɗe shi a hannu. Ƙafar hagu ta lanƙwashe, na yi tangal-tangal, na dawo. Na san jikina. Shiru ya kawo ni har nan, amma ba zai ƙarasa da ni ba.

Alƙali ya fara ɗaga hannu.

"Baba."

Bai ji ba, ko kuma ya ji ya riƙe alkawari.

Na tattara ɗan numfashin da ya rage.

"Baba, juyo! Kira ni!"

Kafaɗunsa suka girgiza. Ya juyo a hankali, fuskarsa jiƙe sharkaf, leɓɓansa a cije har sun yi fari. Ya kalle ni kamar mai neman izini a karo na biyu. Na gyaɗa kai.

Ya fizge farin ƙyallen daga wuyansa ya yar a ƙasa. Ya buɗe hannu biyu.

"Nagisa! Taho, 'yata, ina nan!"

Muryar nan da na gudu na bar gida saboda ita. Garin gaba ɗaya ya fashe a bayanta, duk abin da suka haɗiye tun kaka ya fito lokaci guda, sunana ta ko'ina. Na jira ƙafafuna su mutu kamar wancan karon.

Ba su mutu ba.

Hannun alƙali ya kai sama. Na miƙa nawa, na jefa jikina gaba gaba ɗaya, ƙasa na tasowa ta tare ni. Na ji yatsun Baba sun taɓa bakin ƙyallen.

Bindiga ta tashi.